Ranar da Ciɗo Ya Nemi a Koya Masa Faɗuwa

"Wallahi Nasira, ban iya komawa gida da wagga amsa!" in ji Rashidu, yana riƙe da kekensa a ƙofar gidan matasa na Tawa.

Nasiratu ta share gumi da bakin ɗankwali. Farar rigar judo na naɗe a hammatarta.

"To mi Baba ya ce daidai?"

"Ya ce ya leƙo ta taga ran Laraba. Sau talatin da ɗaya kika hwaɗi, kuma ba wanda ya kada ki! Da kanki kike zubewa, kina marin ƙasa kamar ta yi miki laihi."

Dariya ta kufce mata. Da ta dubi fuskarsa sai dariyar ta koma ciki.

Ciɗo, mahaifin Rashidu, tsohon ɗan kokowa ne. Daga Barmu har Tabaram an san cewa shekara goma sha huɗu ya yi a fage, gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Har yau in zai ɗauki abin da ya faɗi, da yatsun ƙafa yake ɗaukowa. A wurinsa wanda ya faɗi ya ƙare. Shi ya sa ya kafa sharaɗi: ko Nasiratu ta bar wannan wasa, ko ba za a kai goro gidansu ba.

"Hasken idona, ki bari mana... ko don ni."

"Yaya Rashidu, ka san dalilina."

Ya sani. Shekara biyu da suka wuce, a hanyar Barmu, za ta kai wa kakarta magani, wani mutum ya fito daga kwari ya damƙe mata wuyan hannu. Ta buɗe baki za ta yi ihu, murya ta ƙi fita. Sai da wasu masu raƙuma suka ɓullo ya sake ta. Hannun ya warke cikin mako guda. Abin da bai warke ba shi ne muryar nan da ta gudu ta bar ta.

Tun daga nan take zuwa wurin Madam Kaltumi, wadda ta koyo judo a Yamai. Lakwal, wato makarantar boko, a rufe take saboda yajin aiki, amma ɗakin judo na gidan matasa bai taɓa rufewa ba. Litinin, Laraba, Asabar. Shimfiɗarsu buhunan ƙaiƙayin gero ce da aka lulluɓe da tamfal, in an faɗi sai ƙamshin sussuka ya tashi. Akwai wani ƙadangare mai jan kai da ke zama a taga yana gyaɗa kai, ƴan matan suna kiransa alƙali.

"Ina sonka," ta ce, idonta ya cika. "Allah ya sani ban da wani sai kai. Amma kada ka ce in koma waccan yarinyar!"

Rashidu ya hau kekensa. Ya tafi.

Mako uku ba ta gan shi ba. Ta rame. Tuwo ya daina yi mata daɗi. Duk ƙarar keke sai ta waiga. Amma ranar Litinin tana yi, za ta naɗe rigarta ta tafi, ta faɗi, ta tashi, wani lokaci hawaye na gauraya da gumi.

Mai rarrashinta a ɗakin ita ce Zaliha, ƙanwar Rashidu. Wata biyar ke nan Zaliha na zuwa a ɓoye ran Litinin da Asabar, a gida tana cewa kitso take koyo.

Wata Litinin da hantsi, suna cikin atisaye, ƙofa ta yi duhu. Ciɗo ne tsaye da sandarsa. Rashidu na bayansa. Zaliha na gefe, gwiwar hannunta ɗaure da tsumma.

Nasiratu ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya. Ke kin san da zuwan wagga yarinya nan?"

"Na sani, Baba... ka yi haƙuri."

Tsohon ya juya ga ɗiyarsa.

"Maimaita mata abin da kika gaya mini."

"Jiya ne, Anti," in ji Zaliha. "Na kai hura gonarmu ta hanyar Kalhu. Da zan dawo wani ya tare ni, ya hankaɗe ni ta baya."

"Ya kada ta!" Ciɗo ya katse ta. "Ɗiyata, ya kada ta ƙasa!"

"Ya kada ni, Baba. Amma kaina bai bugu ba. Ban ma yi tunani ba, jikina ne ya mirgina ya tashi. Kahin ya sunkuyo na tsaya. Da ya kama hannuna na murɗe, na taɗe shi, na ƙwala ihun da Madam ke sa mu yi. Manoma suka sheƙo."

Nasiratu ta rufe baki da hannu biyu. Ihun. Muryar Zaliha ba ta gudu ba.

Ciɗo ya dunguri buhun ƙaiƙayi da sandarsa.

"A hwagenmu, in ka hwaɗi sai alƙali ya busa usur, kowa ya tahi gida. Jiya na zauna ina tunani... hanyar Kalhu ba ta da alƙali."

Ya dubi ɗansa.

"Kai, sakarai! Mi kake jira? Gobe a kai goro."

Rashidu ya dafe bango, yana murmushi yana share ido. Nasiratu ta kasa ɗagowa, kunya da murna sun haɗe mata.

Kowa ya zaci tsohon zai juya. Sai ya jingine sandarsa, ya tuɓe takalmansa, ya taka shimfiɗar a hankali kamar mai shiga tabki.

"Gwiwoyin nan sun hwara cin amanata," ya ce. "Wata rana dole su kai ni ƙasa. Taso, ɗiyata, nuna mini yadda ake yi."

Nasiratu ta miƙe, ta riƙe hannunsa.

"Ka hwara sa haɓa a ƙirji, Baba."