Sautin Saman Kilarinet ɗin Sama'ila

Ranar da Rifkatu ta fara yi wa Sama'ila magana, faɗa ta yi masa. Ana gwajin waƙar Ista ne a cocin Kalgo, zafi ya isa, kowa a gajiye. Ita ke ɗaukar murya ta sama, shi kuma yana bin ta da kilarinet, baƙar sarewar nan mai maɓallan ƙarfe. Suna kaiwa ƙololuwar waƙar ta dakata.

"Malam, sarewarka tana tsere mini."

Ya sauke ta daga baki, ya ga doguwar yarinya da kayan asibiti, idanunta jajur don rashin barci. Haƙuri ya yi niyyar bayarwa, sai ya ji bakinsa yana tambayar sunanta.

Ma'aikaciyar jinya ce a Kalgo. Shi kuwa yana koyarwa a firamare a Dalijan, yana kwana a Gwandu, kullum babur ɗinsa na kan hanya. Soyayyarsu duk a gajiye aka yi ta, rabinta hamma ce, rabinta saƙon waya.

"Tantabarata, na iso gida. Bayana kamar an daka."

"Sannu Malamina. Ka ci abinci kafin ka taɓa sarewar nan."

Matsalar ita ce Baba Bitrus, mahaifinta. Tsoho ne mai na'urar ji a kunne, kuma duk sanda muryar 'yarsa da sarewar suka saɓa a sama, na'urar takan yi masa tsuwa har cikin kai. Nan take yake cire ta ya jefa aljihu, a gaban kowa.

"Yaron da ba ya iya tafiya da muryarki, shi za ni ba ɗiyata?" ya ce. "Ga Godwin nan mai shagon magani, ko tari ba ya yi da ƙarfi. In an yi bikin godiyar kaka zan yanke magana."

Sama'ila ya yi duk abin da ya sani. Zafi na ɗaga sautin kilarinet, don haka ya ɗan zare wuyan sarewar, sai sautukan ƙasa suka faɗi. Ya sauya siririn karan da ake busawa har bakinsa ya tsage. Sautukan saman dai suna nan da taurin kansu.

Wata rana, bayan aikin kwana, Rifkatu ta rubuto: "Don Allah ka bar wurin nan na sama. Na gaji."

Waƙa take nufi, shi kuwa ya ɗauka sallama ce. Ya rufe akwatin sarewa, ya daina zuwa Kalgo, ya zauna yana ramewa kamar kazar da ruwa ya doka. Ita ma fushi ya hana ta kira. Da ta ga abin ya yi nisa, ta hau mota ta same shi a Gwandu, a gindin dogonyaron ƙofar gidansu.

"Mi na yi maka?"

"Kin ce kin gaji."

"Na gaji mana. Kai ba ka gaji ba? Ɗauko abin nan."

Ba makaɗa, ba jama'a, suka gwada su biyu. Nan ne Sama'ila ya ji abin da hayaniyar coci take ɓoyewa. In ya tsorata yakan cije bakin sarewar, sauti ya haura. Ita kuma don ta rufa masa asiri sai ta bi shi sama, shi ma ya ƙara hawa don ya same ta. Wata da watanni suna korar juna, kowa yana ganin taimako yake yi.

Rifkatu ta yi dariya har da ƙwalla. "Ashe wahalar banza muke ba kanmu."

"Ki tsaya inda kike, Tantabarata. Ko na ɓata, kada ki biyo ni. Ni zan zo."

Ta riƙe sautin. Ya sassauta muƙamuƙi, ya ɗora yatsun dama kan ramukan ƙasa, ya sauko a hankali har amon nan biyu suka zama ɗaya.

Ranar godiyar kaka, buhunan gero da shinkafa jibge a gaban coci, suka kai ƙololuwar waƙar. Hannun Baba Bitrus ya tashi zuwa kunne kamar yadda ya saba, ya tsaya a hanya, ya koma kan sandarsa. Har aka ce amin bai sake motsawa ba.

A bakin ƙofa ya tare Sama'ila. "Yau na ji ɗiyata sosai. Rabona da jin ta haka tun uwarta na da rai. Ka turo manyanka."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kawunansu, ya ce, "Allah shi ba ku haƙurin juna, shi hutar da ku." Jama'a suka amsa da amin. A motar da ta kai su Gwandu, tun kafin a fita Kalgo amarya ta yi barci a kafaɗar mijinta, shi kuma bai ko gyara zama ba har suka isa.