Famfon Hawa na Uku

"Wallahi idan ka rubuta 'Ba ruwanka da dillali' a goshin shafin intanet ɗin nan, ni da kai mun ɓata!"

Auta ce ta faɗa tana janye kwamfutar daga gaban saurayinta, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya ɗago yana dariya.

"Haba rabin raina, ai amfanin shafin ke nan. Mutum yana kwance a ɗakinsa ya ga gidan haya, ya zaɓa, ya kama na shekara biyu ko uku..."

"Ka manta sana'ar Babana?"

Nan take dariyar ta ɗauke. Shekara talatin Baba yana dillancin gidajen haya, da shi ya kai Auta makarantar da ta koyi aikin kwamfuta. Wata takwas suna gina shafin su biyu, ita ke tsara fuskarsa, Injiniya ke haɗa cikinsa. Wata biyu ke nan kuma da aka kai wa Baba maganar aurensu, bai ce a'a ba, bai ce to ba. Kullum amsa ɗaya, "Ina nazari." Tsoro take ji sosai kar shafin ya raba ta da ɗayansu.

Ran Asabar da safe Baba ya ce, "Kira min yaron nan mai son kashe min kasuwa."

Ta ɗauki waya ta kira shi.

Wani dogon bene ya kai su, yana gaba da tulin makullansa, suna biye kamar masu laifi. A hawa na uku ya buɗe wani gida, fenti sabo, tayil sai ƙyalli.

"Lah, Baba, ai wannan yana shafinmu! Hotonsa ya fi na kowanne kyau," in ji Injiniya.

"Madalla. Buɗe famfo."

Ya murɗa. Famfon ya yi tari sau biyu, ya huro iska, ko ɗigo babu.

"Ruwa ba ya hawowa nan sai da asuba. Bangon can kuwa, da la'asar ko jingina ba za ka iya ba don zafi. Hotonka ya faɗa maka? Mutum fa zai shekara uku a nan, matarsa ta haihu, tsohuwarsa ta zo jinya!"

Auta ta runtse ido. Ta san Injiniya da gardama kamar me, yau kam shi ke nan!

Sai ta ji ya ce, "Baba, don Allah a hankali, ina rubutawa... Bayan famfo me ake dubawa?"

Baba ya kalle shi sama da ƙasa, ya gyara murya. Ai kuwa an taɓo masa inda yake so! Har azahar suna zagaye, daga magudanar ruwa zuwa tsayin matakala, har maƙwabcin da ke kunna janareta a gindin taga. Suka manta da Auta a zaune a bakin matakala, tana murmushi ita kaɗai.

"Masoyiya, manta da 'Ba ruwanka da dillali'," in ji Injiniya da suka fito. "Ki zana mana gurbi, 'Dillali ya duba.' Gidan da ba a buɗe famfonsa ba, ba zai hau shafi ba."

Baba ya yi kamar bai ji ba. A hawa na ɗaya ya tsaya, ya zaro wani makulli shi kaɗai daga aljihun ƙirjinsa, ya buɗe wani gida. Ɗaki biyu ne da falo, tagar na kallon gabas, ga inuwar bishiya.

"Buɗe famfo."

Ruwa ya fasho da ƙarfi har ya jiƙa wa Injiniya riga.

"Kai, Baba! Wannan rana ɗaya za a kama shi a shafi!"

"Kar ka kuskura! Wata biyu ina lallaɓa mai gidan kar ya ba kowa." Ya danƙa masa makullin. "'Yata ba za ta hau bene da bokiti ba. Nazarin da nake yi ke nan."

"Baba..." Ta faɗa jikinsa tana kukan daɗi.

Ya shafa kanta, shi ma idonsa ya ciko, sai ya juya ya harari Injiniya.

"Kai kuma ka tsaya kana washe baki, rufe famfon mana! Ruwan gidanka kake ɓarnatarwa."