Taswirar da Dakta Ta Bari

Mai shara ce ta fara ganin gawar, da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Talata, a ɗakin kwamfutoci na cibiyar binciken teku. Kafin takwas Sufeto ya iso, Saje na biye da shi.

Ɗakin ba taga, sanyin na'ura kamar mutuware. Matar tana kife a kan tebur, bayan kanta a fashe, gilashinta a ƙasa ko tsagewa bai yi ba. Ma'aikata suka ce Dakta ake kiranta, shekara tara tana aiki a nan, ba ta da abokin faɗa, ba ta kuma da abokin hira.

Likitan 'yan sanda ya ce ta rasu jiya, wajen biyar na yamma. Ya ɗaga hantsaki ya nuna wa Sufeto wani ɗan ɓarɓashi baƙi mai ƙyalli da ya ciro daga raunin. Dutse ne, in ji shi, amma ba irin na bakin hanya ba.

Kwamfutar da ke gabanta tana kunne. Ba hoto, ba komai, baƙin allo ne da fararen rubutu, sai wani ɗan ɗigo yana ƙiftawa a ƙarshen layi kamar yana jiran ta ci gaba. Sufeto ya daɗe a aikin nan, gawa ba ta tayar masa da hankali, amma ɗigon nan sai da ya sa ya kawar da kai.

Aka kira injiniyan da ke kula da na'urorin, wani siriri mai furfura da ake ce wa Dogo. Sufeto ya ce ya yi masa bayanin aikin Dakta yadda zai yi wa kakarsa.

Dogo ya ce a can ƙarƙashin teku akwai wuraren da wuta ke ɓuɓɓugowa daga cikin ƙasa, ba sa motsi. Ƙasan tekun ne ke tafiya a kansu sannu a hankali, kamar yadda farce ke tsiro. Wutar ta huda nan ta yi tsauni, ƙasa ta matsa da shi, ta sake huda wani, har su jeru. Jirgin cibiyar yana auna zurfin ruwa, a zuba awon a taswira mai gida-gida, kowane gida da lambarsa. Sai a rubuta wa wata manhaja umarni da hannu, layi guda, ta bi sawun kowane tsauni ta ja zare. Inda zaruruwan suka haɗu, nan wutar take.

Saje ya ce ashe su ma masu binciken sawu ne, sai dai ɓarawonsu ba ya gudu. Ba wanda ya yi dariya.

"Yaushe ka gan ta na ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Ƙarfe uku, Yallaɓai. Gaisawa kawai muka yi."

"Me take nema a kwanakin nan?"

"Ban sani ba."

Ya faɗi haka yana kallon ƙasa. Sufeto ya sa shi ya fito da jerin umarnin da aka rubuta jiya. Kowane layi da lokacinsa. Na Dakta sun tsaya a huɗu da minti hamsin. Daga nan sai layuka huɗu, an rubuta su shida saura kwata, lokacin da matar ta riga ta mutu. Uku na farko kwamfutar ta ƙi karɓa. Na huɗu ya goge duk aikin ranar.

Sufeto ya tambayi dalilin ƙin karɓar. Dogo ya ce wanda ya rubuta ya so ya sake lissafin da wata taswirar ne don ya rufe nata, amma ya kira manhajar da tsohon sunanta. Shekara takwas ke nan da aka sauya.

Daga nan Sufeto ya hau bene wurin Darakta. Dattijo ne mai tsabta da taushin murya, bangon ofishinsa cike da takardun yabo. Shi ya gano wata maɓuɓɓugar wuta shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ita ta ɗaga sunan cibiyar. Ya ce jiya tun huɗu ya tafi gida, kuma rabonsa da ɗakin kwamfutoci har ya manta. Ya ce Dakta kamar 'ya take a wurinsa, shi ya ɗauke ta aiki bayan abin da ya sami ƙaninta.

"Me ya same shi?"

"Ruwa ya ci shi. A tafiyar da muka gano wutar nan, shi ke kula da na'urar awo. Igiyar ruwa ta ɗauke shi daga bayan jirgi, ranar sha huɗu ga wata. Kwana biyu muna kewaya wurin muna nema. Allah bai yi ba."

A kan wata kanta, bayan kujerarsa, akwai wani baƙin dutse mai huji-huji kamar soso, zaune a kan katako. Sufeto ya kalle shi sau ɗaya, ya yi godiya ya sauko.

Da rana ya je gidan Dakta. Ɗaki biyu ne da falo, ita da mahaifiyarta. Tsohuwar tana zaune a gefen gado, mata sun kewaye ta, amma ba ta kuka. A jikin ƙofa an rataye rigar ruwa ta namiji, wankakkiya. Tsohuwar ta ce ta Auta ce, ƙanin Dakta, ranar da zai tafi ya manta ta, ita kuwa ba ta sami ranar da za ta sauke ta ba.

Sufeto ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, ya ce, "Mama, ko ta faɗa miki wani abu kwanan nan?"

Ta ce mako biyu ke nan 'yarta ba ta cin abinci sai an matsa mata. Shekaranjiya ta zo ta tsaya a kanta, ta tambaye ta ranar da aka ce Auta ya faɗi. Ta gaya mata, ai ba ranar da uwa za ta manta ba ce. Sai Dakta ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a cinyarta, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar makaranta. Dakta ta kuma gaya mata wani Dogo ya ba ta tsohon faifan kwamfuta.

Sufeto ya koma cibiyar da la'asar. Yana shiga zauren ƙasa ya tarar da ma'aikata sun yi cirko-cirko a ƙofar ɗakin buga taswira. Wata sakatariya ce ta ga takarda ta ƙare a babbar na'urar, ta sa sabon naɗi, na'urar kuwa ta kama aiki ita kaɗai. Dakta ta aika aikin tun jiya, rashin takarda ya tsare shi.

Suna tsaye taswirar tana fitowa kaɗan-kaɗan, shuɗi mai duhu, da siraran zaruruwa ɗaruruwa suna gangarowa zuwa wani jan tabo. Sunan matar na ƙasa da lokaci. Wata ta fara salati ƙasa-ƙasa, wata ta fita da baya-baya.

Kusa da jan tabon akwai tsaunuka biyar da aka kewaye, kowanne da kwanan wata. Sha biyar, sha biyar, sha biyar, sha shida, sha shida. Can nesa a gefe, a tsakiyar shuɗin da ba komai, akwai ɗan gicciye, an rubuta sha huɗu.

Sufeto ya sa aka kawo Dogo, ya rufe ƙofa.

"Ka ce gaisawa kawai kuka yi. Faifan fa?"

Dogo ya zauna ba a ce ya zauna ba. Ya ce taswirar da kowa ke aiki da ita ba ta ɗauke da kwanan wata. Ɗanyen awon jirgin ne ke da shi, yana kulle a sito. Dakta ta roƙe shi don tana so ta gyara lissafin, shi kuma ya ba ta, yana sane da abin da za ta gani.

"Tsakanin gicciyen nan da tsaunukan nan tafiyar nawa ce?"

"Kilomita ɗari uku da wani abu."

"Jirgin da ke kewaya wuri ɗaya yana neman mutum, yaya ya auna su?"

"Bai kewaya ba, Yallaɓai. Ina ciki. Minti arba'in muka tsaya." Ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Guguwa na tafe, kwanakinmu sun ƙare, tsaunukan nan kuwa in babu su zaren ba zai haɗu ba. Aka ce a ci gaba. Kyaftin ya rasu bara. Saura ni da Darakta."

Jiya da yamma Dogo yana asibiti wurin matarsa, Saje ya buga waya ya tabbatar. Mai gadi kuma, da aka ɗan matsa shi, ya tuna motar Darakta ba ta fita ba sai bayan shida.

Sufeto ya naɗe taswirar ya hau bene. Darakta na zaune inda ya bar shi da safe. Sufeto ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya zagaya ya sa safar hannu ya ɗaga baƙin dutsen. Katakon da ke ƙarƙashinsa a jiƙe yake. A gindin dutsen akwai 'yar takarda da ruwa ya ɓata, amma ana iya karanta ranar da aka ciro shi daga teku: sha biyar.

"Ranka ya daɗe, dutse mai huji irin wannan ba ya wankuwa. Likita zai sami abin da ya shige ciki. Kuma a gidan nan mutum ɗaya ne ya iya manhajar amma bai san an sauya mata suna ba."

Darakta ya cire gilashi ya ajiye. Ya daɗe yana kallon ɗan gicciyen. Da ya buɗe baki, muryarsa ba ta rawa. Ya ce ita ta hau ta ɗauki dutsen daga ofishinsa yana wurin taro, don ta ga kwanan watan. Ya bi ta ƙasa. Ya roƙe ta, ya ce zai ajiye aiki, ta bar maganar tsakaninsu. Ko ɗaga murya ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ta yi masa, ko Auta na da rai lokacin da jirgin ya tashi. Da ya kasa amsawa, ta juya masa baya ta ci gaba da rubutu. Dutsen na kan tebur, kusa da hannunsa.

"Yana da rai?" in ji Sufeto.

"Akwai usur a jikin rigar ceto. Muna jin sa, amma ba mu gane ta ina yake zuwa ba. Da na ce a tayar da inji, ana busawa. Ni kaɗai ne a bayan jirgi. Na ji shi har ya yi nisa. Ban taɓa daina ji ba, Sufeto. Ko famfo aka buɗe a gida sai na fita."

Saje ya sa masa ankwa. Suka sauko ta gaban ma'aikata. Dogo na tsaye a gindin bene, shi ma an ce ya biyo su caji ofis ya ba da bayani a rubuce.

A bakin mota Darakta ya tsaya. Ya matso kusa da Sufeto, ya roƙe shi a hankali, don Allah a bi da shi ta wata hanyar, kada a bi ta bakin ruwa.

Sufeto ya buɗe masa ƙofa. Ya ce hanyar guda ɗaya ce.