Hoton Mu'minat a Tagar Zunnuraini

Hoton fasfo kawai Mu'minat ta zo ɗauka a shagon Zunnuraini, gab da tashar motocin Maraɗi. Wata huɗu ke nan da rasuwar innarta, kuma tun daga ranar zuciyarta ta yi sanyi ƙalau, ba daɗi ba baƙin ciki.

Shi kuwa Zunnuraini, Allah na tuba, akwai iyayi. Bangon shagonsa cike yake da hotunan taurarin fim na zamanin da, baƙi da fari. Direba zai zo neman hoton katin tsallake iyaka, shi ya tsaya yana gyara masa haske sai ka ce a sinima zai fito.

"Malama, an gama na fasfo. In ƙara ɗaya irin waɗancan?"

"To," ta ce.

Ya kashe fitilar sama, ya bar ta gefe ɗaya. Ya sa ta sauke gefen mayafi kan kafaɗa, ta ɗaga haɓa, ta dubi nesa.

"Ki tuna wanda kike so."

Ta tuna innarta tana tsefe mata kai. Ya danna.

Da la'asar saƙonsa ya shigo: "Tauraruwa, hotonki ya fito. Wallahi yau na kasa aikin komai."

Ta amsa: "Na gode."

Haka suka yi wata biyu, shi da dogayen saƙonni, ita da kalma biyu. Amma ba ta taɓa ƙin amsawa ba.

Sai ya tafka wauta. Al'adar masu hoto ce a kafa wanda ya fi kyau a taga, shi ma ya kafa nata. Kafin azahar direbobi da 'yan canji sun yi cincirindo. Wani mai fataucin shanu, Alhaji Maharazu, har ya aika gidansu neman aure.

Babanta, Malam Badamasi, ya hau sama. "Ɗiyata ce za a rataye kamar tallar atamfa? Ba ke ba yaron nan! Ga Maharazu ya aiko, ki yi shawara."

"Duk yadda ka ce, Baba." Ko gira ba ta motsa ba, kuma wannan ya fi komai tsorata shi.

Zunnuraini ya rubuto: "Na yi kuskure, Tauraruwa, na cire shi. Ki yi mini faɗa, ko kalma ɗaya ce. Ina tsoron rasa ki."

Ta karanta, ta ajiye wayar, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Washegari Malam Badamasi ya dira shagon da niyyar yaga hoton. Ya fizge shi daga hannun Zunnuraini, ya duba. Ya sake dubawa. Sai ya nemi benci ya zauna.

"Kai, mi ka ce mata ta yi wannan fuska?"

"Cewa na yi ta tuna wanda take so, Baba."

Tsohon ya ce, "Wata shida ina gida ɗaya da yarinyar nan ban ga idonta da rai ba, sai a takarda." Ya cusa hoton a aljihu. "Wannan nawa ne. Ka turo magabatanka."

Magabatan suka zo, aka sa rana. Wata Juma'a bayan salla aka ɗaura auren. Uban ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata."

Da aka kai ta, mata suka fita tsakar gida, Zunnuraini ya durƙusa gabanta.

"Tauraruwa, ki ce wani abu mana."

Ta kama bakin rigarsa. "Ina kewar Inna, Zunnu. Sai yau na ji abin a ƙirjina. Kuma ina son ka."

Kuka ya ƙwace mata, mai ƙarfi, har da shessheƙa. Bai hana ta ba, ya zauna kusa da ita. A waje gwaggonta Luba ta ji, ta share nata hawayen, ta rangaɗa guɗa tana cewa Allah ya ba su zaman lafiya.