Rawanin da Suka Kafe da Allurai

Ɗanmu Jaspal ne ya kai rawanin mijina gidan tarihi a birnin Amritsar na Indiya, ko zaman makoki ba a gama ba. Da na je karɓowa, na tarar sun kafe shi da allurai a kan gunkin roba cikin akwatin gilashi, kamar hula. Mutumin da kullum sai na riƙe masa bakin yadin mun ja, ya naɗa sabo!

"Bibi, uwata, yanzu kayan tarihi ne," in ji shugaban wurin, wani mai askakken gemu.

"Tarihin ubanka?" na ce. Na zauna a ƙasa, na ƙi tashi har suka gaji suka kashe fitilu.

Can sai ƙamshin man gashi ya buge ni. Ga wani dogon tsoho gaban gilashin, gashinsa a kwance har gadon baya. Gilashin a kulle yake, amma yadin na hannunsa, allurai na zuba ƙasa ba ƙara.

"Tsoho, ba ka da kunya, kai a buɗe?" na ce.

Bai juyo ba. Ya miƙo mini bakin yadin, sanyi ƙalau kamar daga rijiya aka tsamo shi.

"Riƙe, uwar Jaspal," ya ce. "Ki ja sosai. Kullum sako-sako kike yi."