Daɓe a Kan Laka

Auta ta kawo wa babanta ɗan kwangila abinci, sai ta ga wani magini tsugune cikin rami yana murza ƙasa da yatsu. Filin pikilbol za su yi wa otal, wasan nan mai kama da tanis. Ya ɗago, ta manta kwanon da ke hannunta.

"Me kake nema a ciki?"

"Laka ce. Ta sha ruwa ta kumbura, ta sha rana ta tsage," ya ce. "Amma yau na ga abin da ya fi ta rikita ni."

Kafin a zuba tsakuwa, soyayya ta riga ta kama. Saƙonta kullum: "Maginina, ka sa hula. Ranar nan ba ta san kai nawa ne ba."

Shi kuma: "Sanyina, buhunan da nake jiƙawa kan kankare sun fi ni samun sauƙi."

Da ya nemi aurenta, Baba ya yi dariya har da tari. "Mai ƙafa kamar lakar bazara? To, in daɓen nan ya wuce damina bai tsage ba, ka ɗauke ta."

Abin da magini bai sani ba, ranar da ya tafi jinyar mahaifiyarsa, Baba ya sa aka rage tsakuwar. Ruwa na ɗaukewa, tsaga ta ratsa filin har ƙarƙashin raga.

Baba ya sa shi durƙuso tsakar rana yana cike ta, 'yan wasa na tsallake shi. Gwiwoyinsa suka saɓule. Auta ta yi kuka har muryarta ta dishe, ta ɗauko lema ta tsaya a kansa.

Sai ga Baba ya sauko, wai ya yafe. Aka ɗaura aure, aka ci aka sha.

Wajen sallama Baba ya dafa kan angon. "Allah ya yi muku albarka." Sannan ya juya wurin wani abokinsa, bai ko rage murya ba. "Filin nan duk shekara zai tsage. Lebura sai ya gudu, suruki kuwa ina za shi?"

Sun ji, su biyun. Auta ta damƙe hannun mijinta mai kaushi.

"Amin, Baba," ta ce. "Lemar tana wurina."