Kason Ummulkhairi a Fadamar Bakura

Ummulkhairi na tankaɗen garin tuwo mijinta Ɗanasabe ya shigo, ya zauna bakin ƙofar ɗaki ya zuba tagumi. Ta san inda ya fito. Mai gidan da suke haya a Talatar Mafara ya ce su tashi kafin damina, ɗansa zai yi aure. Akwai wani ɗan gida mai ɗaki biyu da ake sayarwa a bayan kasuwa, shi ne Ɗanasabe ya je ƙaramin banki neman rance a kansa.

"Sun hana ko, Baban Hanifa?"

"Yaron da ke kan kwamfuta ko kallona bai yi ba. Wai sori, sunana na cikin bilaklis na masu tsohon bashi, ko garanto goma nik kawo ba su ba ni."

A shekarun baya Ɗanasabe ya ci bashi wurin mai taki da kuma banki ya zuba a noman albasa, albasar ta ruɓe masa a rumbu. Tun daga nan sunansa ya ɓaci, har mai shayi sai ya ga kuɗi a hannunsa yake ɗaga buta. Mutanen gari kuwa, Allah ya shirye mu, sun manta duk alherinsa sun riƙe wannan kaka ɗaya tak. Yanzu lodin buhuna yake a kasuwa, yana rage bashin da abin da ya samu.

Ummulkhairi ta kakkaɓe rariya. "Gobe za ni Bakura. Kasona za ni amsa."

Ɗanasabe ya ɗago a firgice. Mahaifinta ya rasu ya bar gonar shinkafa a fadama, kasonta na hannun yayanta Ishaku. A danginsu mace ba ta taɓa gadonta. Takan bar shi wurin 'yan'uwa maza, don ranar da aure ya ƙi ta koma gida da ƙarfin gwiwa. Wadda ta cire nata, ana ganin ta rufe wa kanta ƙofa.

"Kar ki soma," in ji shi.

"Na riga na soma."

Washegari ta iske Ishaku a tsakar gida tare da Inna, mahaifiyarsu. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da yara da mutanen Mafara, har da awakin da ta bari. Sai da gaisuwa ta ƙare ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ishaku ya ajiye kofin kunu. "Mi kic ce? Gonar Baba za ki kai ma mutumin da yac cinye kuɗin mutane?"

"Bai cinye ba, Yaya. Hasara yay yi, kuma shina biya."

"Shina biya! Ke soyayya ta ruhe miki ido. Ranar da masu bashi sunka zo sunka amshe gidan, ina za ki?"

"Yanzu ma ina za ni? Ruwa na tahe, ɗiyata ba ta da wurin kwana. Kana son in aje gona don ranar da aurena zai mutu, ni ko ina son in tsare shi kar ya mutu. Kason nan Allah ya ba ni, ba roƙo niz zaka ba."

Hawaye na zuba, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Ishaku ya miƙe tsaye don fushi. Inna ce ta tsayar da shi da hannu.

"Zamna, Ishaku. Haƙƙinta na. Ni na bar nawa hannun kawunnanku, ku hwaɗa min abin da nig gani ciki har yau. A kira dattawa su yi ma kason kuɗi, kai ka saye, gona ba ta hita gida ba, ita ko ta samu ɗaki."

Ishaku bai iya musu da uwa. Ya sayar da shanun huɗarsa ya biya, amma ranar da ya miƙa mata kuɗin ko kallonta bai yi ba.

"Ga shi nan. Ki sani ƙahwata ba ta taka gidan da za ki saye. In ta ɓaci kuma, kar ki neme ni."

Wannan magana ta yi mata ciwo fiye da yadda ta nuna, don Ishaku ne ya goya ta tana ƙarama. Ta yi kukanta a mota, ta share fuska kafin a iso Mafara.

Aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu, aka rubuta gida da sunanta. Ta ɗauka wahala ta ƙare, ashe saura ta cikin gida. Abokan Ɗanasabe a kasuwa sun fara tsokanarsa, wai yaushe za a kai ango ɗakinsa su zo rakiya. Ya dawo fuska a murtuke.

"Ba ni kwana gidan mace. Ki bari in nemo muna haya ko ɗaki guda na."

"Da wane sunan za a ba ka?" Ta faɗa, nan take ta ji zafin maganar a bakinta, ta sassauta. "Yi haƙuri. Amma na ɓata da ɗan'uwana saboda kai, ba ni ɓata gidana saboda 'yan lodi. Ni da Hanifa mun tare. In ka tashi, ka san hanya."

Ta kuwa tare. Ɗanasabe ya koma kwana a rumfar wani abokinsa, ita tana aika masa tuwo kullum ba ta fasa ba, ba ta kuma roƙe shi ba. Da wata ya ƙare sai ga shi da yamma, ya yi sallama kamar baƙo, ya ajiye 'yan kuɗi a gefen tabarmarta.

"Na tambayi malam. Ba mace wurin zama wajibin miji na. Wanga kuɗin haya na, kowane wata za ki gan su. In kin amsa, in shigo."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne, don ta gane da wannan ne kawai zai shigo da mutuncinsa.

"Na amsa. Yanzu kuɗina na ko? To ɗauka ka kai ma mai taki, ka ce in ji mai gidan hayarka."

Haka suka yi ta yi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Sun ci tuwo da miyar kuka ba nama, Ummulkhairi ta yi Sallah da tsohon zane, ana gulma tana wucewa. Ɗanasabe ya gama da mai taki, ya gama da banki, har aka wayi gari mai takin da kansa ya kira shi ya ba shi bashin buhu biyu zuwa kaka. Duk wannan lokacin Ishaku bai zo ba, ko a waya gaisuwa ce a taƙaice. Labari dai yana isa Bakura, don 'yan kasuwa ba sa riƙe magana.

Wata ranar kasuwa da hantsi tana shanya, ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Muryar da ta ji ta sa rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa.

"Salamu alaikum. Maigida na ciki?"

Ɗanasabe ya fita da sauri ya durƙusa. Ishaku ya kama hannunsa ya ɗaga shi, sannan ya cire takalmi ya shigo har tsakar gida. Ya dubi ƙanwarsa da ke tsaye tana kuka ba sauti.

"To uwar taurin kai, haka za ki bar ni tsaye? Kawo tabarma."

Mai karatu, wanda ya faɗi a sana'a ba ɓarawo ba ne, kuma sunan da ya ɓaci yana gyaruwa idan mai shi ya daure ya biya. Haƙuri ba ya nufin mace ta yi shiru a kan haƙƙinta. Ummulkhairi ta tsaya a kan nata ba ta zagi kowa ba, Allah ya bar mata mijinta, ya kuma dawo mata da ɗan'uwanta.